Jar giyar inabi ta haɗi daga ƙasashen zafi: gwaninta ce ko rufa-rufa?

Sabon_Mai_Tire:
Barkanmu da war haka, 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar hidimar tebur. An ba mu jerin kwalabe mu haddace, kuma akwai shafi guda da duk jajayen giyar inabi ne na haɗi daga wurare masu zafi: kudancin Faransa, Sifen, Fotugal, Ostireliya, Afirka ta Kudu. A takarda an ce duka ba su da zaƙi. To amma da ka kai hanci, ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna luguf ne ke tarbarka, har da na zabibi, kuma masu kurɓa suna cewa akwai zaƙi-zaƙi a ciki. Ya ake ciki ne? Na biyu, wani abokin aikina ya ce duk giyar da aka zuba inabi iri uku ko huɗu a cikinta ragowa ce aka tattara aka rufa mata asiri, mai kyau ita ce ta iri ɗaya zalla. Gaskiya ne? Ba na so baƙo ya tambaye ni in tsaya ina kame-kame.

Tsohon_Kuku:
Yaro, abokin nan naka ƙishin-ƙishin ya ji, bai ji labarin ba. Ka duba jerin naku, in akwai Châteauneuf-du-Pape ka nuna masa da yatsa. Ƙauye ne kusa da Avignon a kudancin kwarin Rhône, yana cikin na farko-farkon da dokar Faransa ta kare sunan giyarsu a 1936, kuma dokar ta yarda a yi amfani da inabi har iri 13. Gidan Beaucastel duka goma sha ukun suke shukawa. Wa zai kalli wannan ya ce ragowa? Hatta manyan gidajen yankin Bordeaux na Faransa da ake ji da su, kusan duk haɗi suke yi, Cabernet Sauvignon da Merlot da 'yan rakiyarsu.

Gardama_Dole:
Baba Kuku, a yi dai a hankali. Ka ɗauko sarakuna ka kafa hujja da su. Kwalbar da ke cika kantuna fa, wadda ba a rubuta komai a jikinta ba sai hoto mai kyau da cewa haɗin ja ce? Ba sunan inabi, ba sunan gona. Wannan kam abokin yaron bai yi ƙarya ba.

Malamar_Kimiyya:
Ku bari in ɗauki tambayar farko kafin ku kaure da ta biyu.

Ƙanena, rana ce ke cika ɗan inabi da sukari. Bayan an matse, yisti ya cinye sukarin ya mayar da shi alkohol. Kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya ke ba da kashi 1 cikin 100 na alkohol. Shi ya sa giyar wuri mai sanyi za ka gan ta a 12 ko 12.5, ta Barossa a Ostireliya ko Priorat a Sifen kuwa 14.5, 15, wani lokaci fiye. Idan yisti ya gama aikinsa tas, sukarin da ya rage bai taka kara ya karya ba. A ƙa'idar Tarayyar Turai, giyar da ba ta wuce giram 4 a lita ba ita ce marar zaƙi, ko har giram 9 in tsaminta ya kusa kai yawan sukarin.

To daga ina zaƙi-zaƙin? Abu huɗu ne suka taru. Alkohol kansa yana da ɗan zaƙi a harshe kuma yana ba giya kauri. Gilisarin da yisti ke fitarwa yana ƙara mata santsi. Ƙamshin nunannun 'ya'yan itace yana ruɗar ƙwaƙwalwa, don tun muna yara duk abin da ya yi wannan ƙamshin zaƙi gare shi, sai harshe ya bi hanci. Idan kuma an kwantar da ita a sabuwar gangar itacen oak, ga ƙamshin banila da kanumfari ya hau kai.

Amma babban dalilin, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, abin da aka rasa ne. Ɗan inabi yana da tsami iri biyu manya, tatarik da malik. Zafi, musamman na dare, yana sa kuringar, wato itacen inabin, ta ƙone malik ɗin a numfashinta. Tsami ya ragu ke nan, kuma tsami shi ke danne zaƙi a baki. Gwaji mai sauƙi ga mai sha: ya toshe hanci, ya taɓa da kan harshe kawai. In sukari ne na gaske zai ji shi ko ba hanci.

Gardama_Dole:
Malama, ki faɗa masa sauran mana. Waɗancan na kantuna da na ambata, da yawansu da gangan ake bar musu sukari, wasu sun haura giram 10 a lita, ko a ƙara musu ruwan inabi da aka kaurara. Su zaƙinsu ba ruɗin hanci ba ne.

Malamar_Kimiyya:
Haka ne, akwai su, kuma ba lallai a rubuta a jikin kwalbar ba. Sai dai waɗannan sun fita daga sahun marasa zaƙi da yake tambaya a kai.

Sabon_Mai_Tire:
Na gode, Malama, kaina ya ɗan waye. Ke nan haɗin yana da alaƙa da wannan tsamin da rana ta cinye?

Dogon_Hanci:
Ka kamo bakin zaren, ɗan'uwa. A wuri mai zafi da wuya iri ɗaya ya zo da komai, sai a nemo wanda zai cike inda wani ya gaza. Ɗauki haɗin nan da ya fi shahara, wanda ake taƙaitawa da GSM: Grenache, Syrah, Mourvèdre.

Grenache ɗan rana ne na gaske. Fari ba ya kashe shi, iska ba ta karya shi, sukari kuwa kamar ba gobe. Amma fatarsa siririya ce, launinsa bai da duhu, tsaminsa kaɗan, kuma yana saurin tsufa in iska ta shige shi. Shi ke kawo ƙamshin jajayen 'ya'yan itace da ɗumin nan da ake ji a maƙogwaro. In aka bar shi shi kaɗai a shekarar da rana ta yi yawa, sai ya fito da ƙarfi ba ƙashi.

Syrah ke kawo duhun launi da ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace, zaitun, wani lokaci hayaƙi. Mourvèdre kuwa shi ne mai taurin kan gidan: sai can ƙarshen kaka yake nuna, fata mai kauri, bauri mai yawa, ƙamshinsa ya fi karkata ga nama da jemammiyar fata da ƙasa. Kuma ɗabi'arsa kishiyar ta Grenache ce, shi ba ya saurin ba iska kai, don haka yana riƙe haɗin ya daɗe a kwalba. A Bandol da ke gaɓar Bahar Rum a kudancin Faransa doka ta ce aƙalla rabin jar giyarsu Mourvèdre ne, kuma sai ta yi wata 18 a ganga kafin a fitar.

Sannan ga ƙananan da ake yayyafawa. Carignan na tsofaffin kuringa yana dawo da tsami. Cinsault yana sassauta nauyi ya ƙara ƙamshi. Counoise ɗan yaji-yaji. Mai haɗi na kirki ba ƙarfi yake nema ba, ƙarfi rana ta riga ta ba shi kyauta har ya yi yawa. Sanyin baki yake farauta.

Ka kuma riƙe wannan don kada kwalaben su rikita ka: Shiraz na Ostireliya shi ne Syrah, Mataro nasu da Monastrell na Jumilla a Sifen duk Mourvèdre ne, Garnacha kuma Grenache.

Uwar_Biyu:
Baurin nan da kuke ta faɗa, ɗaci ne ko me? Ni duk wanda ya kama min baki cewa nake yana da ɗaci.

Tsohon_Kuku:
Daban suke, 'yar'uwa. Ki bar ganyen shayi ya daɗe a ruwan zafi ki sha ba madara ba sukari. Abin da zai bushe miki dasashi ya sa harshe ya yi kaushi, shi ne bauri. Ɗaci kuwa ɗanɗano ne da harshe ke ji. A giya baurin daga fatar inabi da ƙwallayensa yake fitowa, da ɗan kaɗan daga ganga. A ƙasashen zafi yakan fito da laushi saboda fatar ta nuna sosai, shi ya sa sababbin masu sha suka fi saurin sabawa da su. Kuma shi ya sa suke tafiya da nama mai maiƙo, maiƙon na kwantar da baurin.

Gardama_Dole:
Dogon_Hanci ya tsara zance kamar Grenache gurgu ne da ba ya tafiya sai da sanda. To ga Château Rayas nan a cikin Châteauneuf ɗin da Baba Kuku ya yi mana alfahari da shi. Kusan Grenache zalla suke yi, kuma tana cikin waɗanda aka fi nema a duk yankin. Ina haɗin ya shiga?

Dogon_Hanci:
Ka dubi inda gonarsu take. Yawancin hoton Châteauneuf da ake nunawa, fili ne shimfiɗe da manyan duwatsu masu sulɓi da kogi ya baro, suna shan rana da yini suna amayar da zafin da dare. Rayas kuwa kan yashi take, dazuzzukan bishiyoyi sun kewaye ta, inabinta a hankali yake nuna. Wurin ne ya yi musu aikin da wasu ke nema wajen haɗi. Gonaki nawa ne ke da wannan sa'ar?

Kuringa77:
Ƙari a kan wannan: ko wadda aka rubuta mata sunan iri ɗaya ba lallai zalla ba ce. A Tarayyar Turai in iri ya kai kashi 85 za a iya sa sunansa shi kaɗai, a Amurka kashi 75 ma ya isa. Abokin aikin Sabon_Mai_Tire ya sha zuba wa baƙi haɗi yana yabon ta da cewa zalla ce.

Ɗan_Tarihi:
Ku ba ni wuri, domin zargin nan na rufa-rufa yana da asali, ba daga sama ya faɗo ba. A shekarun 1870 da 1880 ƙwaron nan filoksera mai cin saiwa ya kashe gonakin inabin Faransa. Sai Faransawa 'yan kama-wuri-zauna suka bazama shuka inabi a Aljeriya, yawanci Carignan da Cinsault da Alicante Bouschet. Zuwa ƙarshen shekarun 1930 gonakin sun kai kusan hekta 400,000, kuma wajen 1960 babu ƙasar da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi waje a duniya. Ina take zuwa? Jiragen ruwa ke sauke ta a tashoshin kudancin Faransa irin su Sète, a zuba ta cikin giyar Languedoc ta inabin Aramon, wadda aka noma don yawa, ta fito tsararo ba launi ba ƙarfi. Ta Aljeriya ta ba ta duhu da alkohol, aka sayar da sunan Faransa. Kudancin Italiya ma, Puglia da Sisili, shekaru da yawa aikinsu ke nan, tura tankoki arewa don a gyara ta wasu. Bayan Aljeriya ta sami 'yanci a 1962 kasuwar ta rushe, aka tumɓuke gonaki da yawa. Wato an daɗe ana kallon giyar ƙasashen zafi a matsayin magani da ake ɗura wa marar lafiya, ba abin da za a sa wa suna a kwalba ba.

Gardama_Dole:
Yawwa! Na gode, Malam. Kun ji dai daga bakin masu karatu.

Ɗan_Tarihi:
Kada ka yi saurin murna. Wancan haɗin dillalai ne, giyar ƙasa biyu a tanki ɗaya. Wanda ake magana a nan haɗin manomi ne daga gonarsa. Suna ɗaya, sana'a biyu.

Manomi_Zalla:
Ni abin da ke ba ni mamaki, kun yi ta zancen tanki da ganga ba wanda ya leƙa gona. Manomi ko a ina yake ba ya son zuba dukan rabonsa a iri ɗaya. Grenache na da lalurar zubar da fure in yanayi ya ɓaci lokacin huda. Syrah in zafi ya tsananta sai 'ya'yan su yamushe a jikin kuringa cikin 'yan kwanaki. Mourvèdre in ruwan kaka ya riga shi, an shiga uku. Idan kana da ukun, shekarar da ɗaya ya ba ka kunya biyu za su fitar da kai. Kafin a zo maganar ɗanɗano, haɗi dabarar tsira ce.

Ku dubi kwarin Douro na Fotugal, wanda aka shata iyakarsa tun 1756. A tsofaffin gonakin can, iri ashirin, talatin, duk a cakuɗe suke a jere ɗaya, a tsinke su rana ɗaya, a matse tare. Wani ya nuna ya wuce, wani da saura, mai sauran shi ke kawo tsamin. Sababbin gonaki ne aka ware Touriga Nacional nan, Touriga Franca can, Tinta Roriz gaba. Zafin bazara a can yana haura digiri 40, ƙasar kuma dutse ce mai falle-falle da saiwa ke bi ta tsaguwarsa ta nemo laima.

Sauran dabarun duk na gudun rana ne. A bar kuringa gajeriya ba waya, ganyenta ya yi wa nonon inabin laima. A tsinka da dare ko da asuba don 'ya'yan su iso a sanyaye. A hau tudu, don duk mita 100 da ka hau zafi na sauka da kusan digiri 0.6. Gonakin kwarin Bekaa na Labanan wajen mita 1,000 suke, shi ya sa dare ke yin sanyi. Iska ma na taimakawa: Mistral a Rhône, a yankin Cape na Afirka ta Kudu kuma iskar kudu maso gabas da ke tasowa daga teku.

Kuringa77:
Tunda an zo Douro: da can kusan duk inabin kirki na wurin giyar Port mai zaƙi ake yi da shi. Giyar Barca Velha ce ta nuna za a iya yin marar zaƙi mai daraja, a 1952, a hannun Fernando Nicolau de Almeida. Babu na'urar sanyaya tanki a lokacin, sai ya riƙa sa ana hauro masa da ƙanƙara a mota tun daga gaɓar teku kusa da Porto don kada zafi ya dafa masa giyar tana tsaka da tsimuwa. Har yau ba kowace shekara ake fitar da ita ba.

Priorat na Kataloniya ma kusan an manta da shi, sai da su René Barbier da Álvaro Palacios suka fitar da giyarsu ta 1989 daga tsofaffin Garnacha da Cariñena (wato Carignan) na kan gangaren baƙin dutse. Alkohol ɗinta ya kai 15 cikin sauƙi, amma mai kyaunta ba ta kwanta maka a baki ba, Cariñena na riƙe da ita tsaye.

Ba_Na_Sha:
Ni ba na sha, aikina ne kawai ya haɗa ni da kwalaben, don haka da hanci nake rarrabe su, kuma hanci na faɗin abu da yawa. Na kudancin Faransa akwai ƙamshin busassun ganyaye a bayan 'ya'yan itacen, irin tayim da rosmari. Wasu na Ostireliya na'a-na'a da bishiyar turare. Na Fotugal fure-fure. Amma akwai wasu da in na buɗe sai in ji warin garken dabbobi, ko filastar ciwo. Wani baƙo ya mayar mana da irin wannan ya ce ta lalace, wani kuma a teburin gaba ya ce ita yake nema. Wanne ne mai gaskiya?

Malamar_Kimiyya:
Wannan aikin wani yisti ne na daji mai suna Brettanomyces. Yana ɓuya a tsofaffin ganguna, kuma ya fi sakewa a giyar da tsaminta ya yi ƙasa, shi ya sa ya fi addabar masu yi a wurare masu zafi. Ɗan kaɗan, wasu na jin sa kamar fata da kayan yaji, suna so. In ya yi yawa ya binne komai, kowace giya ta koma wari ɗaya. A wurina aibi ne, amma ba ya cutar da mai sha, kuma ba zan yi musu da mai sonsa ba. Mourvèdre kansa yana da ƙamshin nama-nama ko ba wannan yistin, ana yawan ɗora wa ɗaya laifin ɗaya.

Ƙamshin bishiyar turaren kuwa gaskiya ne ba zato ba. Masu bincike a Ostireliya sun nuna cewa man ganyen bishiyar yana sauka a kan inabin da ke kusa da ita, ganyen ma kan faɗa cikin kwandunan girbi. Su ne kuma a 2008 suka gano sinadarin rotundon mai ba Syrah ƙamshin baƙin barkono. Abin lura, ya fi yawa a wuri mai sanyi, zafi na rage shi. Kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa sam. Don haka in an rubuta barkono a takardarku kai ba ka ji ba, ba lallai hancinka ne ya yi lalaci ba.

Nas_Mai_Dare:
Ku yi haƙuri in ɗan katse muku hanzari. Kashi 15 da kuke ambata kamar lamba ce kawai. Kwalba mai mililita 750 a kashi 15 tana ɗauke da kusan giram 89 na alkohol, mai kashi 12 kuwa kusan 71. Ƙarin rubu'i ke nan a kofi iri ɗaya, kuma laushin nan da ake yabo shi ke sa mutum bai san ya yi nisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a farkon 2023 cewa babu adadin barasa da za a ce ba shi da illa. Kai mai tire, in baƙo zai tuƙa mota, wannan ya fi sanin sunan inabi muhimmanci.

Tsohon_Kuku:
Maganarki dutse, Anti Nas. Kuma lambar jikin kwalba ma ba ta cika zama daidai ba. Turai ta yarda da kuskuren rabin kashi, Amurka kashi ɗaya cur ga waɗanda suka haura 14.

Yaro, ga abin da zai amfane ka gobe-gobe. Laifin da aka fi yi wa waɗannan giyoyin shi ne a kawo su da ɗumi. Alkohol na saurin tashi, in kwalba ta kai digiri 24 ko 25 shi zai fara dukan hanci, 'ya'yan itacen su koma kamar dafaffe. Digiri 15 zuwa 17 ake so. Ka sa ta a bokitin ƙanƙara minti goma, ko baƙo ya harare ka. Masu yawan Mourvèdre ko Touriga kuma ka juye su a tulun gilashi su sha iska kafin abinci ya fito.

Uwar_Biyu:
Ni fa har yanzu duk ɗaya nake jin su. Nauyi, duhu, zafi a wuya, kofi ɗaya na gaji. Ko dai ba nawa ba ne.

Dogon_Hanci:
Wataƙila salo ɗaya kike ta cin karo da shi. Daga shekarun 1990 zuwa 2000 an yi yayin barin inabi ya daɗe a kuringa har ya fara zama zabibi, a loda sabuwar ganga, saboda irin wannan ke samun maki mai yawa wajen masu sharhi. A wannan matakin kam gaskiyarki, ta Sifen da ta Kaliforniya da ta Ostireliya duk su koma dabino da cakulan. Nuna in ya wuce kima yana shafe bambancin wuri.

Amma ki nemi Cerasuolo di Vittoria daga kudu maso gabashin Sisili. Wuri ne mai zafi ƙwarai, haɗin Nero d'Avola da Frappato, sai ga ta ja garau, mai sauƙi, mai tsami-tsami. Ko na Swartland a Afirka ta Kudu, inda matasan masu yi suka koma tsinka da wuri, suna zuba Cinsault da Grenache cikin Syrah, suna gudun sabuwar ganga. Ko Château Musar ta Labanan, gidan da Gaston Hochar ya kafa a 1930: Cabernet Sauvignon, Cinsault da Carignan, sai ta yi kusan shekara 7 kafin su sake ta. Ba ta kama da kowa.

Gardama_Dole:
Kun yi ta waƙar Carignan na dawo da tsami. Ku faɗi gaskiya, a gidajen da yawa buhun tatarik ne ke dawo da shi. Ostireliya da Kaliforniya ma sun yarda a ƙara ruwa kafin yisti ya fara aiki in sukari ya yi yawa. Akwai kuma injin tace alkohol. To in buhu da famfo za su yi aikin, haɗin na mene ne in ba talla ba?

Malamar_Kimiyya:
Ana yi, doka ta yarda, kuma tatarik ɗin daga inabi ake samo shi tun asali. Amma tsamin buhu in ya yi yawa ana gane shi, yana tsayawa gefe guda yana kartar baki, 'ya'yan itacen na nan a dafe yadda suke. Buhu ba ya kawo ƙamshi, ba ya kawo bauri. Kuma ka lura da abin da Bordeaux ta yi da zafi ya fara matsa mata: a 2021 aka amince musu su gwada sababbin iri, ciki har da Touriga Nacional na Fotugal da Marselan, wanda barbarar Cabernet Sauvignon da Grenache ne, har kashi 10 na haɗi. Mutanen da ke da kuɗin sayen kowane inji, ga su suna aro daga gonakin zafi.

Gardama_Dole:
Kashi 10, kuma gwaji. Mu ga nan da shekara ashirin.

Manomi_Zalla:
Kuringa sai ta shekara uku kafin ta ba ka girbin farko, ta yi shekaru kafin ta nuna halinta. Ashirin ɗin ma ka yi gaggawa.

Sabon_Mai_Tire:
Iyayena da yayyena, na ƙaru ba kaɗan ba. Amma baƙo ba zai jira in karanto masa tarihin Aljeriya ba. In ya nuna ɗaya ya ce tana da zaƙi?, me zan ce a taƙaice? Kuma ta yaya zan gane ta manomi da ta dillali tun kafin a buɗe?

Tsohon_Kuku:
Ka ce masa babu sukari, amma 'ya'yan itacen sun nuna sosai kuma tana da nauyi. In ya yamutsa fuska da jin nauyi, ka tura shi wajen mai Cinsault ko Frappato. Ta biyun kuwa, juya kwalbar. Sunan yanki ƙarami, sunayen inabin, shekarar girbi, sunan wanda ya cika kwalbar. Iya yawan abin da suka yarda su faɗa, iya abin da za ka iya kama su da shi.

Dogon_Hanci:
Ban yarda da rabin wannan ba, Baba. Yawancin kwalaben Châteauneuf da Bandol ba sa rubuta sunan inabi ko ɗaya, sunan wurin ya wadatar da su. In yaron ya bi ƙa'idarka zai jefa su kwandon dillalai.

Ba_Na_Sha:
Kuma kada ya rantse wa baƙo cewa babu sukari sai ya tabbatar. Takardar bayanin da masu kawo kaya ke bayarwa sau da yawa tana ɗauke da giram ɗin sukarin da ya rage. Ka roƙi manajanku ya nemo muku.

Gardama_Dole:
In sun yarda sun bayar. Ka fara da masu hoto mai kyau ɗin nan, ka dawo ka faɗa mana giram nawa ka gani.